Guzurin Mutanen Dahome

Batulu ta ɗaure ƙunshin tuwo na ƙarshe ta jera cikin daro, sannan ta miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu. Rana ta riga ta hau rumfunan kasuwar Agiye, kuma an ce mata da hantsi motar za ta tashi. Ta buɗe tukunyar miya. Manja ya taso ya rufe busasshen kifi, barkono ya nuna. Ta ɗanɗana, ta ƙara gishiri kaɗan. Wannan miya ko Kutonu aka kai ta ba za ta ba da kunya ba.

Rumfarta tana bayan lakol, wato makarantar boko, kuma duk garin babu mai irin sana'arta. Tun zamanin Nasara aka kawo mutanen Dahome suna aiki a wannan yanki: malaman lakol, ma'aikatan likita, masu awon gyaɗa. Albashi suna da shi, farar riga suna da ita, abin da suka rasa shi ne abin da za su kai baka su tuna gida. Tuwon hatsi da miyar kuka ba ya wuce musu maƙogwaro sai da ruwa. To a rumfar Batulu suke haɗuwa, ranar kasuwa har daga Cadawa da Gazawa wasu ke turo kekunansu. Su ma kuwa ba bakinsu ɗaya ba. Na bakin teku akasa suke so, wato tuwon gasarar masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, da miyar kifi. Na Abome sai jan tuwon masara da aka tuƙa da romon kaza. Na wajen Faraku sakwara, in an samu doya daga Maraɗi. In ba a samu ba su ci abin da ya samu suna mita. Su zauna su yi ta gardamar garin wa ya fi iya girki, Batulu tana zuba musu tana dariya. Mutanen gari kuwa in sun zo wucewa toshe hanci suke yi, su ce ga mai tuwon tsami can tana ciyar da baƙinta.

Afiyabi ce ta koya mata, matar Mushe Dosu babban malamin lakol, Mushe kuwa shi ne Malam da harshen Nasara. Ƙawance suka ƙulla irin na mata, da goro da kwanon abinci, ɗaya ba ta jin Hausa sosai, ɗaya ba ta jin komai sai Hausa, amma a gindin murhu suka fahimci juna. Afiyabi ce ta gano cewa ganyen da ake naɗo goro a ciki zai iya maye gurbin ganyen garinsu. Da ciwo ya ɗauke ta, aka binne ta a bayan gari gindin wani gawo, nesa da maƙabartar Musulmi. Tun daga ranar Mushe Dosu bai sake cin abincin rana a wani wuri ba sai a rumfar Batulu.

Sai ga shi, shekara uku da 'yan watanni da samun mulkin kai, gwamnatoci biyu, ta ƙasar nan da ta Dahome, suka saɓa a kan wani tsibiri cikin kogi, tsibirin da babu wanda ya taɓa gani a Agiye. Rediyo ya ce mutanen Dahome su tattara su koma ƙasarsu.

Ranar da aka yi shelar, Batulu ba ta yi kuka ba, lissafin hanya ta yi. Daga nan zuwa garinsu tafiya ce mai nisa, da mata da yara, kuma wa zai sayar musu da abinci a hanya yanzu da kowa ya juya musu baya? Akasa ba ya lalacewa da wuri, amma yana son kwanaki a ruwa kafin ya yi tsami. Ta juye masarar da ke ɗakinta duka cikin tukwane da randuna, har tukunyar da take dafa abincin sayarwa. Babu sauran abin girki, sai ta saki asabarin rumfa ta ɗaure.

Ba ta gaya wa kowa ba, kuma ba mantuwa ta yi ba. Inda aka haife ta, ba a yi wa baƙo zancen guzuri tun bai yi sallama ba. Wanda ya yi haka ya ce masa tashi ka tafi ke nan. Gari duka yana ce musu su tafi, ita ba za ta sa bakinta a ciki ba. Washegarin shelar ta ji takun Mushe Dosu a bakin rumfa, ta ji sallamarsa sau da yawa, tana tsugune a ciki hannunta cikin ruwan masara. Ta san in ta ɗaga asabari zai ga tukwanen ya gane. Ta yi shiru har ya gaji ya tafi. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ta ce a ranta ranar tafiya zai ga dalili.

Yau ga ranar ta zo. Tana naɗa gammo ƙanenta Hambali ya shigo, cikin sabuwar farar riga da ko karin guga bai baje ba. Shi ne mai taimakon Mushe Dosu a aji, kuma shi ake cewa za a ba wurin.

"Yaya, ina za ki da kayan ga?"

"Tasha."

Ya dubi daron, ya dubi tukunyar, fuskarsa ta canza. "Don Allah kak ki yi mini haka. Mutanen jam'iyya duk suna can. Kwanakin ga da kinka ruhe rumhwa kowa na yabon ki. Yau kuma ki tahi ki ɓata?"

"Yabon mi?"

"An ce ke kinka hwara juya ma baƙin ga baya."

Batulu ta tsaya da gammon a hannu. Ta dube shi tun daga takalmi har wuya. "Wa ya koya maka riƙon alli, Hambali?"

"Wannan daban."

"Ɗora mini."

Bai so ba, amma yayarsa ce, ita ta goya shi. Ya ɗora mata daron yana ƙunƙuni, ya fita ta wata hanya don kada a gan su tare.

Tasha ta cika kamar ranar kasuwa. Babbar motar ɗaukar gyaɗa ce aka kawo, an loda mata akwatuna da katifu da keken ɗinki, mata da yara sun hau kan kayan sun zauna. Jandarma biyu suna jingine da inuwa. Sauran jama'a kuwa kallo ya kawo su, da sayen banza: tun jiya ake ta ɗaukar kujeru da gadaje a kan abin da bai kai kuɗin ƙusa ba. Laraba, shugabar matan jam'iyya, tana gaba-gaba da sabon zane, kan wata kujerar katako da Batulu ta sha gani a ɗakin Afiyabi.

Batulu ta ratsa mutane ta sauke daron a gindin motar, ta ajiye tukunyar kusa da shi. Mushe Dosu yana tsaye yana taimakon wata tsohuwa ta hau. Ya rame cikin 'yan kwanakin nan, gemu ya fito masa fari. Ta durƙusa.

"Mushe, ina kwana."

Ya juyo. Tun rasuwar matarsa Ƙawa yake ce mata, sunan da Afiyabi take kiran ta da shi. Yau cewa ya yi, "Lahiya lau, Batulu."

Ta yaye zanen da ta rufe daron. Ƙunshi a kan ƙunshi, an jera su tsaf, ɗauri biyu-biyu yadda aka koya mata. Ƙamshin ya tashi har kan motar. Wata mata daga sama ta leƙo, yaran da ke jikinta suka fara motsi.

"Guzuri ne," in ji Batulu a hankali. "Shi ya sa ban buɗe ba. Tukwanen duka sun shiga."

Mushe Dosu ya sunkuya ya ɗauki ƙunshi ɗaya. Ya warware ganyen, ya kai hanci, ya daɗe yana shaƙa. Batulu ta ga idonsa ya kawo ruwa, zuciyarta ta fara sauka. Sai ya gutsuri kaɗan ya sa a harshe.

"Ya yi tsami sosai," ya ce. Hausarsa ta shekaru ce, a tsanake take fita. "Ni mijin mai yin shi ne, na san kwanakin da shika ci kahin ya kai haka. Yaushe kinka jiƙa masarar ga?"

Ba ta iya ƙarya ba. "Ranar da anka yi shela."

"Ranar." Ya gyaɗa kai. "Ranar mu muna gidan kwamanda, mai mulkin yanki, muna roƙo. Muna cewa ba za a yi ba, mutanen ga sun san mu, mun karantar da ɗiyansu, mun yi musu allura. Ina ce ma 'yan'uwana ku kwantar da hankali, akwai masu tsaya muna. Ke na hwara kawowa misali. Ashe ke kin riga kin gama, kina jiƙa masarar tahiyarmu."

"Mushe, ba haka ba ne. Kunya na ji in ce maka..."

"Kina ciki ran da na zo?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na ji motsin ruwa," ya ce. "Na tsaya ina sallama kamar maroƙi, mutane na wucewa suna dariya. Kin san abin da ya kawo ni? Ba yunwa ba. Na zo in ba ki amanar ƙawarki. Ita ba ta cikin waɗanda rediyo ya kora. In ce miki in damina ta yi ki riƙa cire mata ciyawa, kak a bari masu gona su haɗa da kabarinta a noma."

"Zan yi. Wallahi zan yi."

"Na riga na yi mata sallama. Na ce mata babu kowa."

Ya naɗe ganyen yadda ya same shi, ya ɗaure, ya mayar da ƙunshin cikin daro a daidai gurbinsa. Wannan natsuwar ta fi zagi zafi. Matar da ke kan mota ta yi masa magana da harshensu, tana nuna yara. Ya amsa mata da kalma biyu ba tare da ya ɗaga kai ba, ta koma ta zauna ta jawo yaran jikinta. Shi ne babbansu, kuma mutumin da aka ƙwace wa komai, abin da ya rage masa shi ne ya ce a'a.

"Ko don yaran," in ji Batulu. "Hanya da nisa."

"Mun ƙoshi da Agiye," ya ce, ya kama ƙarfe ya hau.

Direba ya tayar da mota. Batulu ta sunkuya ta kwashi ƙunshi cike da hannu biyu za ta cilla sama, wani jandarma ya sa sanda ya tare ta, ya ce a ja baya. Motar ta yi gaba tana rangaji da kaya, ta hau hanyar Maraɗi. Wasu a cikin taron suka yi tafi, wasu suka yi shiru suna duban ƙasa, waɗanda kuwa suka sayi gadaje suka fara neman mai ɗaukar musu. Babu wanda ya waiwayo daga kan motar.

Tana tsaye da ƙunshin a ƙirji, ba ta san inda za ta sa su ba. Daga nesa babu wanda ya ji abin da suka ce wa juna. Abin da aka gani kawai shi ne an buɗe abinci a gaban baƙi, an rufe, mota ta tafi ba da shi ba.

Laraba ta taso daga kujerarta tana gyara ɗaurin kai. "Kun gani ko?" ta ce da jama'a. "Kwana da kwanaki ta hana su ko loma. Yau kuma ta dahwa nasu na gado, ta aje gabansu sun shaƙi ƙamshi, ta ce wannan na 'yan ƙasa ne. Mace ke nan. Ku matso ku ci, na murna ne."

Ba a jira an sake faɗa ba. Leburorin tasha suka fara, masu kallo suka biyo, hannuwa suka yi ta shiga daron. Waɗanda shekara da shekaru suke toshe hanci a bakin rumfarta, ga su tsugune suna warware ganye suna tsoma akasa cikin manja, suna lasar yatsa. Wani ya zare na hannunta ma bai ko dube ta ba. Hambali ya ɓullo daga bayan mutane, ya ga yadda iska ta juya, ya tsuguna yana kare farar rigarsa da hannun hagu.

"Yaya," ya ce da baki cike, "ashe haka abin ga yake da daɗi?"

Batulu ta kau da kai. Ta jira har daron ya koma wayam, ta kifa tukunyar a ciki, ta ɗora a ka ta dafe da hannu ɗaya. Za ta juya ke nan Laraba ta cafke ɗaya hannun ta ɗaga shi sama, ta ce mata su matso a gode wa Batulu.

Aka kewaye ta, aka rangaɗa mata guɗa. Hannu ɗaya yana kan daro, ɗaya yana hannun Laraba, ko kunnenta ba ta samu ta toshe ba.