Wuyan Hannun Kauthar

A shekarun da gangar mai ta yi tsada, Abuja ta koma kamar gonar benaye, duk inda ka juya gini ne ke tsirowa. A lokacin ne wata cibiyar binciken wasanni ta gwamnati ta sayo na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, irin wadda ake tura mutum cikinta a kwance, ta nuna ƙashi da jijiya ba tare da an tsaga shi ba. Aka damƙa ta a hannun Dakta Bilqis Jumare, mace siririya marar yawan magana, wadda abokan aikinta ke cewa ta fi gane hoto a kan mutane.

Shugaban cibiyar, Alhaji Maharazu, ya gaji da gorin da ake yi cewa ana cusa ƙatti cikin gasar yara. Sai ya tara 'yan jarida ya sanar da cewa duk mai son shiga gasar 'yan ƙasa da shekara sha bakwai sai an ɗauki hoton wuyan hannunsa. A ƙashin wurin akwai wani ɗan tsagi inda yaro ke ƙara tsawo. In tsagin ya rufe, in ji Alhaji, mutum ya wuce shekarun gasar.

Da aka zo kan 'yan mata, Bilqis ta same shi a ofis.

"Ranka ya daɗe, wannan ma'aunin a kan maza aka gwada shi. Ƙashin mace yakan riga na namiji rufewa. Za mu kori yaran da ba su yi ƙarya ba."

"Likita, na riga na faɗa wa duniya," ya ce yana duban wayarsa. "Kina so in koma in ce na'urar da muka yi ta tallatawa tana bambanta mace da namiji? Ke dai ɗauki hoto. Hukunci namu ne."

Ta ɗauka. A ƙasan kowane hoto ta rubuta cewa ba ya nuna shekarun mace. Kwamiti ya karanta hoton, ya tsallake rubutun.

Cikin waɗanda aka kora har da Kauthar, 'yar Karu mai gudun dogon zango, wadda ba a taɓa shan gabanta ba a makarantun Abuja. Bayan mako guda ta zo cibiyar da kayan makaranta, ta tsaya a bakin ƙofar Bilqis, ta ƙi zama.

"Anti, ke kika ce na yi ƙarya?"

"Ban ce ba."

"To a unguwarmu Iya suke ce min yanzu. Ana tambayar babana ina ya ɓoye jikokinsa. Shekarata sha biyar, wallahi. A asibiti aka haife ni."

Bilqis ta dubi yarinyar, ta dubi na'urar ta cikin gilashi.

"Na yarda da ke," ta ce. "Amma yardata ba za ta mayar da ke fili ba. Ki ba ni lokaci."

Kowace Asabar na'urar ta Bilqis ce don binciken kanta, haka ƙa'idar aikinta ta ce. Ta nemi Mabel, mai nazarin zamantakewa a cibiyar, wadda ta san lungunan Kubwa kamar tafin hannunta. Suka samu izinin kwamitin kula da ɗa'ar bincike, suka shiga gida-gida a Kubwa da Gwarinpa da Karu, suna neman 'yan matan da babu tantama a ranar haihuwarsu.

Ba a karɓe su hannu bibbiyu ba. Wata uwa a Kubwa ta ce ta ji injin yana hana haihuwa. Mabel ta yi dariya, ta ce da Hausarta ta 'yan Abuja, "Mama, wannan likita shi ma mace ne. Ki zo ki gani da idonki." Ranar Asabar iyaye mata suka cika bas suka zo. Bilqis ta cire 'yan kunne da agogo, ta kwanta, ta sa aka tura ta cikin na'urar a gabansu. Ƙara ta yi ta tashi kamar ana daka a turmi. Da ta fito tana gyara ɗankwali, uwar nan ta kamo hannun 'yarta ta ce, "To ga tawa, a fara da ita."

Labari ya kai kunnen Alhaji Maharazu. Ya tare Bilqis a bakin mota.

"An ce kin mai da cibiya asibitin unguwa."

"Bincike nake yi, ranka ya daɗe. Shi aka ɗauke ni in yi."

"Wanda ya ɗauke ki zai iya sauke ki."

"Haka ne," ta ce, ta shiga motarta.

Kauthar kuwa ta daina gudu. Bilqis ta lallaɓa ta ta dawo fili, ta ɗaura mata wata ɗamara a ƙirji mai auna bugun zuciya tana aikawa cikin kwamfuta. In filin babu kowa, yarinyar na gudu kamar barewa. Amma da 'yan kallo sun zauna, tun kafin a busa usur zuciyarta ke dukan uku-uku, kafin rabin zango ta galabaita. Bilqis ta juya mata kwamfutar.

"Kin ga nan? Ko ɗaga ƙafa ba ki yi ba. Ba gajiya ba ce, bakin mutane ne kike ɗauke da shi."

Suka shiga koya mata jan numfashi da tsayar da ido a kan layinta. Mabel ta riƙa kwaso masu gadi da masu share fili su zauna suna ihun "Iya! Iya!" da gangan. Ranar farko Kauthar ta yi kuka. Daga baya ta fara wuce su tana murguɗa baki.

Taron shekara na cibiyar ya zo, aka yi shi a wani babban otal a Maitama, ga babban sakataren ma'aikata, ga 'yan jarida. An sa Bilqis ta yi magana kan raunin gwiwa. Da ta hau mumbari, sai hotunan wuyan hannu guda biyu suka bayyana a allon majigi.

"Wace ce babba a cikin waɗannan?" ta tambaya.

Zauren ya nuna na dama, mai rufaffen ƙashi.

"Shekararta sha huɗu. Ta hagun ta cika sha bakwai." Ta ci gaba da jero hotuna. "A cikin 'yan shekara sha biyar da muka duba, fiye da rabi ƙashinsu ya rufe. Da 'ya'yanku ne, da mun kira su maƙaryata."

"Likita, ba wannan ne a tsarin taro ba," in ji Alhaji Maharazu daga kujerarsa. "Ki zauna."

"Ban gama ba, ranka ya daɗe."

Ya yi wa mai kula da lasifika alama, aka kashe. Bilqis ta ajiye makirfon, ta sauko tsakiyar zauren, ta ɗaga muryar da ba wanda ya san tana da ita. Ta ce na'ura ba ta yi ƙarya ba, tambayar da ba ta sani ba aka yi mata. Ta ce ita ta ɗauki hotunan da aka kori yaran da su, don haka ba za ta yi shiru ba. Babban sakatare bai tashi ba har ta kai aya.

Bayan wata guda aka dakatar da gwajin ga 'yan mata, wai sai an ƙara nazari. Ba wanda ya ba yaran haƙuri, kuma gasar wannan shekarar ta riga ta wuce su. A makon ne aka mayar da Bilqis wani ƙaramin asibiti can bayan Kuje, inda injin hoto ɗaya ne, tsoho, ba ya aiki sai in akwai wuta.

Shekara na zagayowa Kauthar ta shiga gasar, ta zo ta uku. Ta kira Bilqis daga filin tana haki, tana cewa wata 'yar Jos ce ta tare mata hanya a kwanar ƙarshe, ba don haka ba da ta biyu za ta zo.

"To nan gaba kada ki bari a tare ki," in ji Bilqis.

Ta ajiye wayar, ta leƙa waje. Wani Bafulatani na zaune a benci, ya rungume hannun da bijimi ya take masa. Wuta ta dawo, ta kira shi ya shigo.