Sakin Kyauta

Kafin ciwon daji ya kama muƙamuƙin Kyauta, kakanta Maigandi kan sake ta sau uku a yini. Wasan jika da kaka ne. Yakan ce matar nan tasa ba ta iya tuwo ba, ta tattara komatsanta, ita kuwa ta ce wa zai zauna da tsoho mai haƙori biyu. Duk Marnona an san su da wannan.

Tun ranar da aka dawo da ita bisa jaki daga wurin likitan Turawa a Sakkwato, gidan ya lalace da kirki. Inna ta daina faɗa. Baba, wanda muryarsa ke korar tsuntsaye daga gero, ya koma raɗa. Kyauta shekararta tara, amma ba wawiya ba ce. Ta ƙirga wata biyu cur tsohon bai sake ta ba, abin kuwa ya fi kumburin ba ta tsoro.

Sai ta shiga neman faɗa. Ta kwance akuya ta cinye irin albasar Baba, aka zane wanta Sale. Ta fasa tulu, aka ce dama ya tsufa, aka ƙara zane Sale don shi ya ajiye shi a hanya. Har Sale ya roƙe ta ta bari, bayansa ya gaji.

Ran nan ta dage sai ta yi wa Maigandi tuwo da hannunta. Ta zabga kanwa a miya, ta bar gudaji manya kamar ƙwan zabo. Tsoho ya cinye tas, idonsa na ruwa, yana sa albarka.

Kyauta ta fashe da kuka. "Kaka, mutuwa za ni yi ko? In ba haka ba, mi ya hana ka sake ni?"

Maigandi ya daɗe yana kallon akushin. Sannan ya ture shi da ƙafa, ya ɗaga murya har Inna ta leƙo.

"Wanga tuwo ko jaki ba ya ci nai! Tashi ki tahi gidanku, na sake ki!"

Dariya ta kama ta, ta dafe kumatu don zafi. Ta ce saura biyu.

"Sauran sai gobe," in ji shi. "Ki tabbata kina nan."