Bulo Uku da Katako

Akawu ya ɗora tafin hannunsa a kan tayar da ta fi kowacce girma a garejin, ya lumshe ido. Haƙoranta kamar na kada. Nan take ofis ya ɓace da takardunsa, ya ga kansa a kan tudun yashi, rana na faɗuwa, iska na kaɗa sumar da ya rabu da ita tun shekara goma da suka wuce.

"Yallaɓai," in ji bakaniken, "taya ce fa, ba amarya ba. Sake ta haka."

Akawu ya buɗe ido, ya gyara zaman tabarau. Shekararsa hamsin da biyu, motarsa jif mai ja da ƙafa huɗu tana da goma sha bakwai, kuma duk zamansu tare, dajin da suka taɓa shiga bai wuce filin ajiye motoci na ofis ba in an yi ruwa. Amma yanzu ya sami dalili. Tun da mahaifiyarsa Inna ta tashi daga jinya, ba ta da zance sai na ƙauyen da aka haife ta. So take ta ga rijiyar gidansu da bishiyar da ke yi mata inuwa, ko sau ɗaya, kafin damina ta rufe hanya. Hanyar kuwa gargada ce, ga rafi, ga duwatsu masu son gaisawa da cikin mota.

"A ɗaga ta inci shida," ya ce. "Sifirin masu tauri, dogayen shokozoba, da waɗannan tayoyin."

"Yaƙi za a je?"

"Ƙauye."

"Wa zai zauna a gaba?"

"Inna."

Bakaniken ya ɗauko abin awo. Ya auna daga ƙasa zuwa bakin ƙofar motar, ya ƙara inci shida, ya ƙara tsayin sabuwar taya. Sannan ya jera bulo uku, ɗaya kan ɗaya, ya ɗora katako a kai.

"Haka nake wa kowa," ya ce. "Ba na ɗaga mota sai mai ita ya taka tsayin da ƙafarsa. Bismillah."

Akawu ya tattare riga, ya ɗaga ƙafa. Gwiwarsa ta yi wata ƙara da ta sa bakaniken waiwayar motar. A karo na uku ya hau, hannunsa a kafaɗar mutumin. Kai, sama da daɗi! Yana hango rufin motoci, da titi, da can inda gajimare ke taruwa kamar garken tumaki. Daga nan sai ya ga kamar duk duniya hanya ce.

"To, sauko."

Bai sauko ba. Tunawa ya yi da dokin ƙofar ɗakin Inna, wanda bai kai bulo ɗaya ba, da yadda take fara aika sandarta, ta yi bismillah, ta tsallaka, ta tsaya ta huta.

"Ai sai in ɗauke ta in sa ta a ciki," ya ce a hankali.

"Za ta yarda?"

Ina! A asibiti ma da ya miƙa hannu zai ɗaga ta, cewa ta yi ita ta goye shi, kuma muddin tana numfashi ba za a juya lamarin ba. Ya san abin da zai faru. Za ta fito da mayafinta, ta dubi motar, ta ce yau jikinta ba daɗi, a bari sai wani lokaci. Ba za ta sake ambaton rijiyar ba har abada.

Ya sauko da baya, kamar akuya daga kan katanga.

"Inci nawa ne ba za su hana tsohuwa hawa ba?"

"Biyu. Sun isa cikin motar ya wuce duwatsu. Sifirin masu laushi, don ƙashin bayanta. Taya matsakaiciya, mai bin kwalta ba kuka, mai bin ƙasa ba santsi. In kun bar kwalta ka rage musu iska kaɗan."

Akawu ya sake shafa babbar tayar, irin shafar da ake wa wanda za a bari a tasha.

Da la'asar ya tsaya a ƙofar gida, ya ce Inna ta zo a gwada. Ta aika sandarta, ta yi bismillah, ta kama ƙofa, ta hau da kanta. Ta gyara mayafi, ta dube shi.

"Wai kai tun safe kana gareji? Me suka yi mata? Ga ta nan yadda take."

"Ɗan gyara ne, Inna."

Ya bi da ita ta tsohuwar hanyar bayan unguwa, wadda a da take sa haƙora haɗuwa. Tana ba shi labarin rijiyar, yadda ruwanta ke da sanyi ko da tsakar rana, yadda in ka leƙa za ka ga fuskarka da ganye a kanta. Sai muryar ta yi ƙasa, ta ɗauke. Ya waiwaya. Barci take, kanta a jikin kujera, sandar a cinyarta.

A gabansa akwai wani ɗan kududdufi da bai kai faɗin tabarma ba. Akawu ya duba hagu, ya duba dama, ba kowa. Ya sa giyar ƙafa huɗu, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya tsallaka kogin a hankali don kada ta farka.