Soson Matatar Baba

Akwatin kifin Baba ya tsage ne a ranakun zaman makokin rasuwarsa, lokacin da masu ta'aziyya suka tura benci ya bugi gilashin. 'Yarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta kwashe kifayen ta zuba su a babbar roba kafin ruwan ya tsiyaye. Washegari ta sayo sabon akwati.

Ta san sabon akwati ba ya riƙe kifi. Baba ya sha faɗa mata cewa kashin kifi yakan zama guba a cikin ruwa, sai in akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke cinye gubar. Kafin su yaɗu a sabon akwati sai an yi makonni. Hanyar gaggauta abin ita ce a ɗauko tsohon soson matatar ruwa, da dauɗarsa, a sa a sabuwar matatar, domin a jikinsa suke zaune. Saboda haka ta jiƙa soson Baba a bokitin tsohon ruwan, ta ajiye a bayan ƙofar ɗakinsa, ta tafi aiki da niyyar haɗa komai in ta dawo.

Da ta dawo, ta tarar Gwaggo, ƙanwar Baba, ta wanke kayan mamacin duka. Riguna da zanen gado suna kan igiya. A ƙarshen igiyar kuma ga soson nan, fari tas, ya bushe.

"Gwaggo, da me kika wanke wannan?"

"Sabulu da bilic, Uwata. Sai da na toshe hanci. Yayana mai tsabta ne, ban san yadda aka yi ya zauna da wannan ƙazanta a ɗaki ba."

"Ruwan bokitin fa?"

"Na zubar. Ko miya za ki yi da shi?"

Ta taɓa soson. Yana ƙamshin ɗakin tiyata. Ta dubi hannuwan Gwaggo, waɗanda bilic ya ci har sun yi ja.

"Sannu da aiki, Gwaggo."

Robar ta yi wa kifayen kaɗan, dole ta mayar da su sabon akwatin. Ta rage musu abinci. Kullum bayan sallar asuba takan ɗebe rabin ruwan ta zuba wani, da magariba ma haka. Duk da wannan, sai ta dawo daga aiki ta tarar ruwan ya yi fari-fari, kifayen sun taru a sama suna buɗe baki. Ƙananan ne suka fara mutuwa. Takan tsamo su ta binne a gindin katanga, Gwaggo tana kallonta ta taga.

"Wai kewarsa suke yi?" Gwaggo ta tambaya wata rana.

"Allah ne masani," in ji ta.

Aka wayi gari saura babban jan kifin nan da Baba ya fi daɗewa da shi, wanda yakan karɓi abinci daga yatsunsa. Ya kwanta a ƙasan akwatin, gefen kansa inda yake numfashi ya rine. Ta sa shi a leda da ruwa, ta kai shagon mai kifin ado don ya ba ta tsohon soso.

Mai kifi ya ɗaga ledar ya duba ta jikin fitila.

"Malama, soso zan ba ki kyauta. Amma kafin ya gyara miki ruwa, wannan ya riga mu gidan gaskiya. Ki bar shi a tsohon akwatina."

"In ya warke in zo in ɗauke shi?"

"Ki sake jefa shi a sabon ruwa? Tsoho ne, ba zai jure ƙaura biyu ba. In kin bar shi, kin bar shi. Kuma ban ce zai tashi ba."

Ta daɗe tana riƙe da bakin ledar. Sannan ta yi bisimilla a hankali, ta miƙa masa. Ya kai shi can ƙuryar shago, bayan buhunan tsakuwa, ya sake shi. Kifin ya nutse har ƙasa, ya jingina da wani dutse.

A gida ta cire wayar matatar daga bango. Gwaggo ta leƙo, ta ga akwatin babu kowa.

"Uwata, in kwashe ruwan in wanke miki shi?"

"Wanke, Gwaggo."