Salansar da Auta Ya Ɗaura

Tana murɗa makulli motar ta saki wani irin gurnani, har kajin maƙwabta suka watse. Uwar Biyu ta saki sitiyari ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku! Me na taɓa?"

"Ba ki taɓa komai ba, matar Yaya," in ji Auta daga kujerar baya, baki har kunne. "Lafiya ce ta yi mata yawa."

Auta ƙanin mijinta ne, mai shagon sayar da waya, irin mutanen nan da in ka aike su sayen allura sai su dawo maka da garma. Jiya aka ba shi motar ya kai wa mai walda, a liƙe 'yar hudar da ke jikin salansa. Shi ne gogan ya sa aka cire ta ɗungurungum, aka ɗaura wata ƙatuwa da mutum zai zura dantsensa a ciki bai taɓa gefe ba.

Maigidan yana zaune kusa da ita, da baƙin tabarau. Da wannan motar ya yi haya har ya aurar da tagwayensa, kafin yanar ido ta rufe masa gani. Tun daga nan motar ta zama wurin kwanan kyanwa, sai da Uwar Biyu ta gaji ta shiga makarantar koyon tuƙi da furfurarta. Da ta kawo masa lasisi, shafa shi kawai ya yi ya ce, "Ki kai ni wurin likita. In kin kai ni ba ki kashe min mota a titi ba, makulli naki ne. In kin kashe, na Auta ne."

Ita kuwa ta san abin da ake gani in makulli yana hannun Auta. Ka shirya tsaf ka zauna a ƙofar gida, ka kira waya a ce yana nan tafe, rana ta faɗi yana nan tafe. Ta rantse a ranta ba za ta ƙara wannan zaman ba.

Suka hau titi. Tun a giyar farko ta ji motar ta yi mata nauyi, ga ƙara kamar za ta tashi sama, ga tafiya kamar an ɗaure mata ƙafa. Masu shaguna sai leƙowa suke yi, Auta yana ɗaga musu hannu ta taga sai ka ce shi ya ƙera motar.

Asibitin yana kan tudu ne, kuma wani marar tausayi ya dasa danja a tsakiyar hawan. Suna isowa ta nuna ja. Uwar Biyu ta ja birkin hannu, ta goge tafinta a zane. Da aka ba su hannu ta yi yadda aka koya mata: ɗan totur kaɗan, a ɗaga kuloci a hankali. Motar ta yi karkarwa, ta yi tari, ta mutu.

Bayansu aka ɗauki hon. Ta sake tayarwa, ta sake lallaɓawa, ta sake mutuwa.

"Mama, in kwana za ki yi a kawo miki tabarma!" wani kwandasta ya ƙwala daga motar baya.

Auta har ya buɗe ƙofa. "Matso, matso, matar Yaya. Ai kin yi ƙoƙari, wallahi. Hawan tudu ba wasa ba ne."

Kunya ta rufe ta, idonta ya kawo ruwa. Ta kai hannu za ta kwance bel, sai ta ji hannun mijinta ya lalubo wuyan hannunta.

"Zauna. Kai kuma rufe min ƙofa. Tayar da ita in ji."

Ta tayar. Ya karkata kai yana saurare, kamar babu masu zaginsu a duniya.

"Ba ƙafarki ba ce," ya ce. "Numfashi aka raba motar da shi. Injin nan ƙarami ne. A siririn bututu hayaƙi da gudu yake fita, na gaba ya jawo na baya. Kin ga tiyon ban-ruwa, in kin matse bakinsa? To shi ne. Yanzu an ba shi ƙaton fili, sai ya tsaya yana yawo a ciki. Sai ta ɗau gudu sosai bututun zai yi mata rana, amma wurin tashi ba ta da ƙarfin ɗaukar kanta."

"Haba Yaya! A bidiyo na gani, duk motocin tsere irinta suke sawa."

"Motar tsere ka taɓa ganin ta tsaya a danja da tsoho a ciki? Faɗa min gaskiya, 'yan bututun nan huɗu da ke fitowa daga jikin inji, an taɓa su?"

Auta ya sosa ƙeya. "Mai waldan ne ya ɗan rage tsawon biyu, don sabuwar ta zauna."

"Shi ya sa nake jin tana ɗingishi. Wanda ya yi su kai ɗaya ba mahaukaci ba ne, so yake kowane hayaƙi ya iso mahaɗa a lokacinsa. Yanzu karo suke yi a bakin ƙofa." Ya juyo wajen matarsa. "Manta da lallaɓawa. Taka totur sai na ce ya isa."

Ta taka. Motar ta yi kururuwa.

"Ƙara."

"Baban Biyu, za ta fashe!"

"Ta fashe, ni na saye ta. Ƙara! Yawwa. Ɗago kuloci sannu, sauke birki."

Motar ta yunƙura, ta cije, sai ga ta tana hawa, tana ruri kamar za ta tsaga unguwar. Uwar Biyu ba ta san lokacin da dariya ta ƙwace mata ba, hawaye na zuba. Kwandastan nan har tafi ya yi mata.

Amma da ta tsaya a harabar asibiti dariyar ta gudu. Magana magana ce, sau biyu ta kashe mota a titi, kuma mijinta bai taɓa faɗa ya janye ba. Ta zare makullin ta sa masa a tafin hannu, zuciyarta na mata zafi. Auta ya miƙo nasa hannun ta tsakanin kujeru.

Maigidan ya kama hannun Auta gam.

"Madalla, dama shi nake nema. Zo ka ja ni layin likita, yau kai ne sandata." Ya laluba ya ajiye makullin a cinyar matarsa. "Ke kuma maza wurin mai waldan nan, kafin ya sayar da tsohuwar salansar. A mayar da komai yadda yake, ki tsaya a kansa."

"Ni kaɗai?"

"To da wa? Ni makaho ne, wannan kuma kurma."

Suka fita da Auta yana ƙunƙuni. Ta juya motar, ta nufi ƙofar fita. Mai gadi ya ɗaga mata ƙarfe, ta ɗago kuloci, motar ta yi tari ta mutu. Da irin wannan salansa kuwa, duk asibitin ya ji mutuwarta.

Ta ɗaga ido ta dubi madubi. Can a bakin ƙofar shiga mijinta ya ja ya tsaya, Auta na jan hannunsa yana ƙin tafiya. Bai juyo ba, kansa kawai ya karkata.

Ta murɗa makulli, ta taka totur yadda ya kamata, motar ta fice titi. Sai a lokacin ta ga ya bi Auta sun shige ciki.