Wanki Bakwai

Kaltumi na tsakar gida tana ɓarzar gyaɗa da hantsi sai ta ji sallamar namiji a bakin zaure. Édouard ne, maƙwabcinsu na bayan katanga, mai aikin rubutu a ofishin auduga. Ya cire hula ya riƙe da hannu biyu.

"Maman Dawuda, pardon. Kunun gyaɗan nan naki. Ki taimaka ki dama wa Lucienne."

"Kunun ƙazamai?" in ji Kaltumi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kwana huɗu ke nan ko ruwa da ƙyar. Jiya na dawo da ita daga lopital, wajen likita. Sun ce ba su ga ciwo ba, abinci ne ba ta ci."

Duk unguwar Djamboutou an san halin Lucienne, matar Édouard, 'yar ƙauyukan kan dutse. Tun shekarar kwalara, da 'yarta Cécile ta rasu bayan ta ci tuwo daga hannunta, matar nan ta sauya. Takan wanke hannu har fata ta tsage. Takan dafa wa mijinta abinci, ita kuwa ta ƙirga cokali bakwai ta ajiye, in an yi magana ta ce ta ƙoshi. Awarwaronta ya riƙa zamewa har gwiwar hannu, amma ita sai ta ce jikinta ya yi mata nauyi.

Shekara biyu Kaltumi na miƙa mata kunu ta kan katanga kowace safiya, kamar yadda maƙwabta ke yi. Ran nan ta leƙa karɓar kwanonta, sai ta tarar da Lucienne durƙushe tana dirzarsa da toka da sabulu, ta ɗauraye, ta sake, tana ƙirgawa a baki har bakwai. Ran Kaltumi ya ɓaci. Ita da ke alwala sau biyar a yini, kwanonta ne abin ƙyama? Washegari a bakin famfo ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Mutanen dutse yanzu su ne masu tsafta, mu ne ƙazamai!" Mata suka yi shewa. Daga ranar kunu ya tsaya. Wata uku ke nan.

Ta dai dama, tana mita, ta yafa gyale ta zagaya.

Ɗakin fes yake, sai warin sabulu. Kaltumi ta yi turus a ƙofa. Abin da ke kwance a kan gadon bai kai nauyin ɗanta Dawuda mai shekara goma ba. Hannuwan duk sun farfashe.

"Yaya Kaltumi," in ji Lucienne, murya can ƙasa. "Kin wanke hannu?"

Kaltumi ta buɗe baki za ta mayar da zafi, sai Lucienne ta riga ta.

"Na san kin wanke. Na ji ƙarar buta. Kullum ina ji ta katanga, sau uku-uku kike yi, sannan ki dama, ya tafasa. Shi ya sa naki kaɗai ke shiga cikina. Wanda na dafa da hannuna, in na kai baki sai na ga Cécile."

"To, kwanona fa? Me ya yi miki da kike dirzarsa haka?"

"Bakina ya taɓa shi. Dawuda zai sha a ciki." Ta tsaya ta huta. "In ban kai bakwai ba, sai zuciyata ta ce na kashe miki shi. Na san hauka ne, Yaya. Na sani. Ba na iya bari."

Kunya ta rufe Kaltumi, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun tana yarinya. Ta tuna shewar bakin famfo, ta tuna yadda ta yi ta jin daɗinta kwana da kwanaki. Wata uku tana damawa, ƙamshi na tsallake katanga, matar nan na jin buta.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na ji abin da kika ce a famfo. Kunya na ji."

Kaltumi ta tallafo kanta, ta kai mata cokali. Ɗaya. Biyu. A na uku Lucienne ta kau da kai.

"Useko," ta yi godiya da Fulatanci. "Kar ki tafi da kwanon. Ban wanke ba."

"Ki bar shi, ni zan wanke."

"A'a! Ki bari in na samu ƙarfi."

Kaltumi ta bar shi.

Washegari bayan azahar kukan Édouard ya tsallako katanga. Danginsu suka sauko daga dutse, aka yi waƙoƙin coci, aka kai ta. Matan famfo ma sun zo gaisuwa, suna cewa Allah sarki, baiwar Allah mai tsafta. Kaltumi ta zauna can gefe, ba ta iya haɗa ido da kowa ba.

Bayan kwana uku Édouard ya yi sallama, ya miƙo mata kwanon.

"Pardon, Maman Dawuda. Ban wanke ba. Ta ce kar kowa ya taɓa."

Sauran kunun ya bushe ya tsattsage, cokalin na maƙale a ciki. Kaltumi ta zauna a gindin katanga, ta ɗora kwanon a cinya. Buta na nan kusa da ƙafarta, cike da ruwa, har inuwa ta juya.