Gonar Masu Gangar Noma

Tun tasowarsa Nata'ala yake kaɗa gangar noma a gonakin Lakwaya, bai taɓa riƙe fartanya ba. Haka ya gada: da damina makaɗi ya zuga manoma wurin gayya, da kaka su tara masa dami. Da gyaɗa ta yi daraja, manyan manoma suka koma ɗaukar 'yan ƙwadago, su kuwa ba ruwansu da kirari. Gayya ta yi wuya, damin ma ya bi ta. Ya'u da Bappa, 'yan amshinsa, suka ce in bana ma haka ne, Kano za su tafi dakon buhu.

Ƙaninsa Musbahu, wanda ya yi elementare a Gwarzo, shi ya kafe sai sun yi gonarsu. Ya ce abin kunya ne ƙarti su zauna jiran wani ya ji daɗi kafin su ci tuwo. Ya aro musu saura, gonar da aka daɗe ba a noma ba, a hanyar Kabo, Hajjo matar Nata'ala ta sayar da tunkiyarta aka sayi iri.

Gyaɗa ta fito gwanin sha'awa. Ana shirin noman fari sai Sarkin Noman Kara ya aiko, ya kira gayya. Musbahu ya roƙi yayansa ya ba da uzuri, ciyawa ba ta jira. Nata'ala ya ce kakansa ya yi wa gidan nan kiɗa, ba a kansa za a fara ƙin zuwa ba. Ya tafi da 'yan amshinsa. Daga Kara wani mai gayya ya ja su, daga can wani. Suka dawo da tsohuwar riga da goro, suka tarar harƙiya ta shanye gonar.

Ido ya raina fata. Nata'ala ya bi gida-gida yana kiran tasa gayyar, yana tuna wa kowa ranar da ya kaɗa masa har tafinsa ya fashe. Aka yi ta dariya.

"To wa zai kaɗa mana, Sarkin Kiɗa?" in ji wani dattijo. "Ka taɓa ganin manomi ya sunkuya a gonar maroƙi?"

Duk da haka Hajjo ta dama kunu da ragowar geronsu. Ranar gayya Nata'ala ya tsaya bakin gona yana kiɗa, yana kiran sunayen manoma ɗaya bayan ɗaya. Hantsi ya dubi ludayi, ba wanda ya ɓullo. Bappa ya daina amshi, ya tambayi Ya'u ranar da motar Kano take biyowa.

Nata'ala ya sauke gangar, ya fizge fartanya daga hannun Musbahu, ya faɗa kunya yana sara da ƙarfinsa duka.

"Yaya, tsaya," in ji Musbahu. "Har da gyaɗar kake sarewa."

Bai ɗago ba.